Tun Ina Firamare Ake Kirana Dakta, Yanzu Ban San Ko Aikin Nake So Ko Sunan Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, daga wani gari a jihar Katsina. Tun ina firamare ake kirana Dakta a gidanmu saboda ina ɗaukar na ɗaya, har maƙwabta suka ɗauka. Sau biyu ina rubuta JAMB ina neman likitanci. Bara na ci 236, bana 257, duk da haka ban samu ba. Jami'ar ta ba ni gurbin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Baba ya ce kada in karɓa, in sake zama karo na uku, in kuma ba a dace ba zai sayar da gonarsa ya kai ni Masar. Yayana da ke aikin kwamfuta a Abuja ya ce wahalar banza ce, likitocin ma guduwa suke yi, kuma shi da ya yi shekara huɗu kacal ya fi abokinsa likita samu. Akwai wanda ke nemana da aure, ya ce ba zai hana ni karatu ba, amma ba zai iya jiran shekara takwas ba. Mama ba ta cewa komai sai addu'a.

Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina ban san ko ina son aikin ba. Na fi jin daɗin lissafi a kan bayoloji. Amma duk sanda na tuna ƙanwar mamana, wadda ta yi watanni tana ɓoye ƙullutu a nononta don kunyar likita namiji har abin ya fi ƙarfin magani, sai in ji kamar wajibi ne a kaina. Wani lokaci kuma in na faɗa wa kaina gaskiya, tsoron ranar da za a daina kirana Dakta nake yi. Anti, don Allah yaya zan yi?

Taki, 'yar Katsina.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan innarki, Ya sa ciwon ya zame mata kaffara, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashinta.

Ki fara sauke wani nauyi tukuna. Maki 257 cikin 400 ba faɗuwa ba ce. Hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Kowace shekara akwai yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da ake bari a bakin ƙofa. Don haka rashin samun gurbi bai yanke hukunci a kan basirarki ba, bai kuma amsa tambayar da kika yi mini ba. Tambayar nan taki, ko aikin kike so ko sunan, ita ce ta fi komai daraja a wasiƙarki. Na yi aikin jinya da na ungozoma har na yi ritaya, na ga likitoci da yawa da ba su yi wa kansu ita ba sai bayan sun ƙare, lokacin da juyawa ta yi tsada.

Dalilai uku na gani a cuɗe a zuciyarki, ga suna, ga samu, ga innarki. Nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Son sunan ba abin kunya ba ne, kada ki tsangwami kanki a kansa. Ki duba inda muka fito. Likita na farko da Arewa ta samu shi ne Dakta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1967 aka buɗe ta. Mutanen zamanin babanki sun tashi a lokacin da ƙaramar hukuma guda za ta iya rasa ɗa ko ɗaya likita. A idonsu, a ce 'yarka likita ce ya kai a yi tinƙaho da shi a majalisa. Ke kuma an rataya miki wannan suna tun ba ki san me yake nufi ba, dole cire shi ya yi zafi.

Sai dai sunan ba ya yin aikin kwana. Bari in kai ki ɗakin haihuwa da ƙarfe uku na dare, a irin asibitocin da na yi aiki. An sauko da yarinya daga bayan a-kori-kura, cikin fari, tana jijjiga, ta ciji harshenta, ƙafafu a kumbure. An ɗauke wuta, janareto bai tashi ba, ana haska jijiyar hannunta da fitilar waya. Ana neman jini leda biyu, 'yan'uwa sun watse neman kuɗi da mai bayarwa. Likitar da ke aikin kwana a daren ba ta wuce shekara 27 ba, rabonta da abinci tun azahar, kuma babban likita yana ɗakin tiyata da wata matar. Ita za ta yanke shawara a cikin minti kaɗan. In abin ya zo da ƙarar kwana, ita za ta fita baranda ta dubi mijin da uwar yarinyar ta gaya musu. Sannan ta wanke hannu ta koma, domin akwai mata huɗu a kan gwiwa, da safe kuma ta bi manya zagayen marasa lafiya ana yi mata tambayoyi kamar ta kwana a gadonta. A wannan daren ana ta kiranta Dakta, amma da kuka ake kira, wani lokaci da zagi. Waɗanda na ga sun ɗore a wannan aiki da fuska a sake su ne waɗanda shi kansa ciwon yake ba su sha'awar sani, waɗanda in an ceto irin wannan yarinya za ki ga sun leƙo bayan sun tashi aiki don su ga ta buɗe ido. Waɗanda suna kaɗai ya kawo su ma suna gamawa, don ƙwaƙwalwa ba ta gaza musu ba. Amma su ne kike jin mata na cewa likitan nan ko kallon mutum ba ya yi.

Ga kuma tsawon hanya, gara ki ƙirga ta da yatsunki. Shekara shida ce a takarda. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, na 2020 ya fi haka. A shekara ta biyu za ki shiga ɗakin da ake feɗe gawa, kuma ba sau ɗaya za a yi a wuce ba, watanni za ki yi kina bin jijiya da tsoka kina haddace sunayensu. A nan maganar da kika yi ta bayoloji take da muhimmanci, domin karatun likita yawancinsa hadda ce mai ɗimbin yawa, ba irin daɗin da mai lissafi ke ji in ya warware matsala ba. Bayan nan akwai babbar jarrabawar da ake yi kafin a shiga asibiti, wadda ke mayar da wasu baya, wasu ta sallame su gaba ɗaya zuwa wani kwas. In kin gama, shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin cikakken lasisi, sai shekara guda ta bautar ƙasa. A nan kin zama likita ta gama-gari. Likitar mata ko likitar tiyatar da innarki take buƙata tana can gaba, bayan ƙarin shekara biyar, shida ko fiye na horon ƙwarewa, da jarrabawoyin kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. In kin shiga kina da 20, za ki kai can kina tsakiyar shekarunki na talatin. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ban kawo wannan don in karya miki gwiwa ba, mata da yawa daga Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri sun bi hanyar nan sun kai, wasunsu da goyo a baya.

Maganar samu kuwa, yayanki yana da rabin gaskiya. Albashin likitan gwamnati bai kai wahalarsa ba. Har zuwa ƙarshen 2021, alawus ɗin haɗarin aiki da ake biyan likita naira 5,000 ne a wata, ga mutumin da ke taɓa jinin masu cuta kullum. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta sha shiga yajin aiki a kan albashi da bashin alawus. Masu tafiya Ingila da Saudiyya suna da yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da bai kamata a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya ba. Haɗarin ma na gaske ne. Dakta Stella Adadevoh da ta tare mai cutar Ebola a Legas a 2014 ta hana shi fita cikin jama'a, cutar ce ta yi ajalinta, zazzaɓin Lassa kuma ya sha cin ma'aikatan asibiti a ƙasar nan.

Inda yayanki ya yi son kai shi ne wajen awo. Ya ɗauki kansa, wanda ya dace, ya gwada da likita mai farawa. Ki tambaye shi 'yan ajinsu nawa ne suke samun abin da yake samu, nawa ne kuma suke riƙe da takardar digirin kwamfuta suna sana'ar POS a bakin titi. Harkar kwamfuta ƙwarewar hannu take biya, takarda ba ta da tasiri sosai, kuma abin da ka iya bana yana iya tsufa nan da shekara uku. Mai ƙwazo yana iya yin sama da wuri, yana kuma iya wayar gari an rufe kamfanin. Lauya shekara biyar yake yi da ƙarin guda a makarantar horon lauyoyi, ya fito ya yi shekaru yana ɗaukar jakar wani. Injiniya shekara biyar, yawancinsu sai sun nemi hanya kafin su sami aikin da suka karanta. Likita yana makara wajen farawa, ba kasafai yake zama attajiri ba, amma da wuya ki ga likita mai lasisi zaune babu aiki, kuma guduwar nan da yayanki ke magana a kai ita kanta shaida ce cewa sana'ar tana da kasuwa ko'ina a duniya. In dai tara dukiya ne burin mutum, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fara yana ɗan shekara 18 zai riga su duka gina gida. Saboda haka kuɗi bai isa ya shigar da ke likitanci ba, bai kuma isa ya hana ki ba. Ki ajiye shi gefe.

Dalilin innarki shi ne wanda na fi girmamawa, shi ne kuma nake so ki fi yi wa kallon tsanaki. Abin da ya same ta ba nata ba ne ita kaɗai. Na karɓi mata da suka zo da ciwo ya riga ya ruɓe, in kin tambaye su me ya hana su zuwa sai su sunkuyar da kai, ko su ce maigida bai yarda namiji ya duba su ba. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a faɗin duniya a Najeriya suke, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. A jiharku ma, asibitin Babbar Ruga yana nan cike da mata masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda ce a gida ta jawo musu. Muna buƙatar likitoci mata, buƙata mai tsanani, kuma malamai sun daɗe suna cewa samar da su farilla ce a kan al'umma.

A kan al'umma, 'yata. Ba a kanki ke kaɗai ba. Baƙin cikin rashi yana iya kai mutum bakin ƙofar makaranta, amma ba shi zai zaunar da ke kan littafi shekara goma sha wani abu ba. Ki kuma yi tunanin hannu nawa ya kamata innarki ta bi ta cikinsu da ta fito da wuri. Mace ta farko da za ta iya buɗe wa ƙirjinta, mai yiwuwa ma'aikaciyar lafiya ce ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko ungozomar da ta saba da ita wajen awo. Sai mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda ita ma an fi so a ce mace ce. Sai ɗakin gwaje-gwaje, inda ake sarrafa ɗan naman da aka yanko, a yanka shi siriri, a rina shi, kafin likitan da ya ƙware a wannan fanni ya duba ya ce daji ne ko ba daji ba. Sai mai harhaɗa magunguna, sai nas ɗin da za ta sa mata ruwan maganin ta zauna da ita tana amai. In ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, ƙwarewar likita ta tashi a banza. Kwas ɗin da aka ba ki ba ladan ganin ido ba ne. Shekara biyar ake yin sa, yana da hukumarsa da lasisinsa, kuma ledar jinin da muke jira a daren da na ba ki labari, mutumin lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ne ke tabbatar da ta dace da jinin yarinyar kuma ba ta ɗauke da wata cuta. Kuskurensa ɗaya kisa ne.

Ba zan rufe ki ba dai. Ma'aikacin lab ba ya duba mara lafiya, ba ya yanke shawarar magani, yawancin yininsa da na'ura da kwalabe yake yi. Albashinsa da matsayinsa a asibiti ba su kai na likita ba, kuma akwai 'yar tsama tsakanin ɓangarorin da ta daɗe. In abin da ranki ke so shi ne ki ɗora hannu a jikin mace, ki saurare ta, ki ce ga abin da za a yi, lab ba zai kashe miki wannan ƙishirwa ba. In kuwa abin da ke faranta miki shi ne awo, daidaito da gano amsa, kina iya tarar da cewa an ba ki abin da ya fi dacewa da ke ba tare da kin nema ba. Lissafin nan naki ma yana da gida a harkar lafiya. Masu bin diddigin cututtuka da ƙididdiga suke aiki. Kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agustan 2020, an yi shekaru ana gwada samfuri a lab, ana ƙirga gidaje da yara unguwa-unguwa a Kano da Borno. Mai digirin lab da ke son lissafi yana iya yin digiri na biyu a lafiyar al'umma ya shiga wannan layin.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki karɓi gurbin nan kafin wa'adinsa ya wuce. Karɓarsa ba ta rufe ƙofar likitanci ba. Ɗalibai da yawa suna sake rubuta JAMB suna ajin farko, illa dai ki faɗi gaskiya wajen rajista cewa ke ɗaliba ce, in kuma kin samu sabon gurbi ki saki na farko. Darussan shekarar farko, fizik, kemistiri da bayoloji, su ne dai za ki sake rubutawa, kin ga karatun bai tafi a banza ba, ya kuma fi zaman gida shekara ta uku kina kallon ƙawaye suna wucewa. Akwai kuma hanyar shiga aji biyu kai tsaye, ko da sakamako mai kyau ƙwarai a IJMB, wato jarrabawar share fagen shiga jami'a, ko da digiri na farko mai daraja a fannin da ya shafi lafiya. Sharuɗɗan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ki sa a tambayo miki a ofishin ɗaukar ɗalibai, kada ki dogara da abin da 'yan kafe suka ce. In kuma kin ga zuciyarki ta karkata ga lissafi ko kwamfuta, ki tuna sai kin sauya darussan JAMB kin sa lissafi a ciki.

Kafin a fara sayar da fam na gaba, ki je ki gani da idonki, gani ya kori ji. Ki nemi wata likita ta hanyar dangi ko malamanku na sakandare, ta nema miki izinin shugaban asibiti ki riƙa binta na mako ɗaya ko biyu, har da kwana ɗaya in an yarda. In hakan ya gagara, duk wata 'yar'uwa da aka kwantar ki karɓi jinyarta ki buɗe ido. Kada ki auna kanki da ranar farko. Jiri, tashin zuciya da warin ɗaki suna kama kusan kowa, ana kuma sabawa. Ki auna kanki da rana ta biyar, shin kin tashi kina son sanin yadda matar gado na uku ta kwana, ko kuwa kina duban agogo. Ki yi yini biyu a lab, ki kuma roƙi yayanki ya nuna miki abin da yake yi a zahiri daga safe zuwa yamma, ban da maganar albashi. Sannan ki sami mata uku, ɗaliba da ta fara shiga asibiti, sabuwar likita, da babba mai 'ya'ya, ki tambayi kowacce in da za a mayar da ita shekara 19 ko za ta sake zaɓar wannan hanya, kuma me ta rasa a dalilinta. Ki fi kasa kunne ga amsar tambaya ta biyu.

Yanzu babanki. Mutumin da ya ce zai sayar da gonarsa dominki ba abokin jayayya ba ne, ki riƙe wannan ko da maganarsa ta yi miki nauyi. Amma gonar nan kada ki bari a taɓa ta. Sau ɗaya ake sayar da gona, kuɗin makaranta kuwa shekaru za a yi ana biya da dala, kin kuma ga yadda naira ta zube tun 2023. Gidaje da yawa sun fara da ƙarfinsu suka maƙale a shekara ta uku. Ɗalibanmu da ke karatun likita a Sudan, da yawansu 'yan Arewa, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya kore su gida karatu a rabe, haka na Yukren a 2022. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin ya taɓa mara lafiya a nan, ba kowa ke ci a zama ɗaya ba. Abin da na fi jiye miki shi ne ɗaurin da zai biyo baya. Yarinyar da ba ta tabbatar tana son aiki ba, a ce an sayar da gadon gida an kai ta, ranar da ta gane ba ta so da wane baki za ta faɗa? Ga ƙannenki su ma suna da haƙƙi a gonar nan. In lallai sai waje, a bi ta tallafin karatu na jiha in an buɗe. A gida kuma akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 don masu karatu a makarantun gwamnati.

Kada ki tare shi da "ba na so", domin ke ma ba ki kai ga sanin haka ba. Ki fara da mamanki. Shirunta ba rashin ra'ayi ba ne, 'yar'uwarta ce ta rasu, kuma ta san halin mijinta fiye da ku duka. Ki same ta ku biyu ki karanta mata abin da kika rubuto mini, har da maganar tsoron sunan. Sannan ku nemi wanda baba ke jin nauyinsa, baffa ko aminin da suke zama tare, ya kasance a wurin. Ki ce masa, "Baba, ban fasa ba, ina neman izini in shiga wannan kwas ɗin kada shekara ta wuce ni, in sake rubuta jarrabawar daga can. In Allah Ya ba ni, alhamdu lillahi. In bai ba ni ba, ina roƙon a bar ni in ƙarasa wanda na fara da albarkarka." Ki nemi a yi wannan iyakar a gaban shaida, karo na uku ya zama na ƙarshe. Iyaye sukan sauko in sun ga ba a watsar da burinsu ba, an dai sa masa tsari. In kuma bayan kin leƙa asibiti kin tabbatar aikin ba naki ba ne, ki koma ta wannan hanyar ki faɗa masa tun kafin a sayi fam. Zai ji zafi na ɗan lokaci. Na ga iyaye da yawa da suka yi fushi a irin wannan, ranar bikin yaye ɗalibai kuma su ne a sahun gaba da babbar riga.

Shi kuwa mai neman aurenki, na yaba masa da ya faɗi gaskiya tun yanzu. Amma lissafinsa na jira bai zama dole ba, mata da yawa suna aure suna tsakiyar karatun likita ko na lab. Tambayar da za a yi masa ita ce ko zai iya zama da ɗaliba. Zai yarda ki kwana a asibiti in aiki ya kama? In an haihu ana tsakiyar jarrabawa, wa zai riƙe jaririn? A garin da jami'ar take za ku zauna? "Ba zan hana ki karatu ba" magana ce mai sauƙin faɗa a zaure. In da gaske yake, manyansa su maimaita ta a gaban manyanki da waɗannan bayanai dalla-dalla. Kada ki zaɓi kwas don ki riƙe shi, kada kuma ki kore shi don tsoron abin da ba ki tambaye shi ba.

Tunda kin tambaye ni, ga yadda na karanta wasiƙarki. Kin ambaci lissafi da jin daɗi, kin ambaci likitanci da wajibi da tsoro. Wannan ya sa na fi zaton hankalinki zai fi kwanciya a gefen awo da bincike fiye da gefen gadon mara lafiya. Zato ne daga takarda ɗaya, mako biyu a asibiti zai iya ƙaryata ni, kuma zan yi murna in ya ƙaryata ni, don muna neman irinki a ɗakin haihuwa. Ki yi istihara bayan kin gama tattara waɗannan bayanai, ki kuma bar mama ta ci gaba da addu'arta. Yau dai ki shiga shafin JAMB ki duba ko gurbin yana nan da kuma ranar da jami'ar za ta rufe tantancewa, ki yi magana da mama a daren nan, domin izinin baba kike buƙata kafin wannan ranar. In kin dawo daga asibitin ki sake rubuto mini abin da kika gani.

Taki, Anti.